Kwantena Ta Maƙale a Teku: Ina Matsayin Wanda Ya Riga Ya Biya?

A ranar 23 ga Maris, 2021, jirgin dakon kaya Ever Given ya gicciye a mashigin ruwan Suez da ke Masar, ya toshe hanya kwana shida. Daga ƙarshen 2023 kuma, hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya suka tilasta wa manyan jiragen ruwa kewayawa ta kudancin Afirka, wanda ke ƙara wa tafiya kwana goma ko fiye. Kayan da 'yan kasuwarmu ke sarowa daga Guangzhou zuwa Legas dama ta kudancin suke bi, amma da jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci, jinkiri da tsadar dako suka riski kowa. Idan kayan sun iso Apapa kuma, wani jiran ne sabo.

Abin da ya dame mu shi ne yadda wannan jinkiri ke raba 'yan'uwa. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya karɓi kuɗin masu ƙananan shaguna bisa alƙawarin atamfa kafin Sallah. Sallah ta zo ta wuce, kwantena tana kan ruwa. Wannan yana neman kuɗinsa da ƙari, wancan yana cewa sai an ciko masa domin dala ta tashi.

Dukansu biyu sun kauce. Ciniki irin wannan, wanda ake ba da kuɗi gaba ɗaya a jira kaya masu siffa sananniya zuwa lokaci sananne, shi malaman fiƙihu ke kira Salam, kuma Manzon Allah (SAW) ya halatta shi ga mutanen Madina da waɗannan sharuɗɗa. Farashin da aka ƙulla ya ƙullu. Tashin dala ko na kuɗin dako ba ya bai wa mai sayarwa damar warware shi. Idan lokaci ya cika, kayan kuma ba su samuwa, jumhurun malamai sun bai wa mai saye zaɓi biyu: ya jira, ko ya karɓi kuɗinsa daidai yadda ya bayar. Ya ce a ƙara masa wani abu a kan kuɗin saboda sun daɗe a hannun wani, wannan riba ce tsagwaronta. Sai dai a lura: kaya a Salam bashi ne a wuyan mai sayarwa, ba a rataya su ga wata kwantena ba. Idan irin atamfar tana nan a kasuwa, wajibinsa ne ya saya ya cika alƙawari ko da zai faɗi. Nan ne, a ganinmu, da yawa ke fakewa da teku.

Kuɗin jinkirin da ake cajin mai kaya a tashar jiragen ruwa wani babi ne. Mun fi ganinsa a matsayin ladan hayar kwantena da filin ajiya, don haka ba laifi a lissafa shi cikin farashin cinikin da za a ƙulla nan gaba.

Mafi yawan rigingimun da ake kawowa masallaci a kan wannan batu, idan muka tambayi takarda sai a ce ai amana ce. Alhali aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni take yi a rubuta bashi mai ajali, a kafa shaidu. Takardar ta faɗi nau'in kaya, adadinsu, ranar bayarwa, da wurin da za a miƙa su, Legas ne ko Kano.