Idan jiki ya ƙi magani: yadda ake gane borin jini

'Yan'uwa, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin, amfisilin da Bactrim sun zama ruwan dare, har a tire ake tallarsu. To amma akwai jikin da ba ya jituwa da su, sai ya yi borin jini.

Borin iri biyu ne. Na gaggawa yakan taso cikin awa guda da shan maganin: ƙaiƙayi, fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe ko harshe ya kumbura. In numfashi ya fara sarƙewa ko jiri ya kama mutum, kada a tsaya neman jiƙo. A garzaya asibiti, allurar adirenalin ce ke ceto. Na biyun sai bayan kwanaki: ƙuraje da zazzaɓi, wani lokacin baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, fata tana saɓulewa. An san Bactrim da wannan. A dakatar da shi, a ga likita a ranar.

Ɗan zawo ko tashin zuciya kaɗai kuwa, galibi ba bori ba ne.

Likita zai tambaya: wane magani, yaushe aka sha, me ya fito? Don haka a adana kwalin, a ɗauki hoton fatar da waya. In da buƙata, a asibiti ake gwajin fata, ba a gida ba.

Amoksisilin da amfisilin dangin penisilin ne. Wanda ɗaya ya taɓa yi masa bori, ya faɗa kafin a ba shi ɗayan. Allah Ya ƙara mana lafiya.