Ƙibar Sa Daga Saiwar Wake Take Farawa

'Yan'uwa fatake, mu da ke jiran jirgin ƙasan Ngaundere a nan New Bell mun sani, shekarar da harawa ta yi tsada a arewa, ramammun shanu ake sauke mana, mu tafka hasara. To, maganin yana ƙarƙashin ƙasa. Tuge wake ko gyaɗa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa. Ƙwayoyin halitta ne a ciki, suna jawo wa shuka taki daga iska. Fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne, suna aiki. Cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa na waken suya, sunansa NoduMax. A inuwa ake cuɗa iri da shi, a shuka ran nan. Mu isar wa manomanmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.