Ko Kun Sani? Maganin Ciwon Mutum Na Iya Zama Guba ga Kare

Ko kun san cewa ƙwayoyin rage zogi waɗanda ɗan Adam yake sha don ciwon kai ko ciwon gaɓoɓi, irin su ibuprofen da naproxen da diclofenac, suna iya zama ajalin kare, ko da kuwa mai shi ya ba shi ne da kyakkyawar niyya? Dalili shi ne, Allah cikin hikimarSa bai halicci hantar kare da ƙodarsa bisa ƙa'idar tamu ba. Naproxen ɗin da jikin mutum yake fitar da rabinsa cikin kamar awa 14, a jikin kare sai ya kai kusan kwana 3 kafin rabinsa ya fita, har ya taru ya ci bangon tumbinsa, ya haddasa gyambo da zubar jini, sa'an nan ya kassara ƙoda. Alamomin wannan guba su ne amai, da baƙin kashi, da ƙin abinci.

Shi kuwa paracetamol, likitocin dabbobi kan ba kare shi wani lokaci gwargwadon nauyinsa, amma idan ya wuce kima yakan lalata hanta. Ga kyanwa kuwa, abin tausayi, ƙwaya ɗaya tak tana iya halaka ta, domin hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke warware shi. Saboda haka mafarauci ko makiyayi wanda karensa ya ji rauni, lalle ya nufi likitan dabbobi, wanda yake da magunguna irin su carprofen da meloxicam, ya kuma san miƙidarin da ya dace da jikin dabbar.