Kiɗan Fadar Zazzau: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan a Tudun Wadan Zariya kuke zaune, da wuya a ce ba ku taɓa bin jama'a ta Ƙofar Doka zuwa ƙofar fada ranar hawan sallah ba. Dawaki da 'yan lifidi ne ke ɗauke ido, shi kuwa kunne sai a bar shi ya ji abin da ya ji. Da yawanmu muna ɗaukar bushe-bushen da ke tashi a wurin hayaniyar biki ce kawai. Alhali kowane sauti da ma'anarsa, kuma akwai wanda ya zauna ya tsara shi.

Mene ne kiɗan fada?

Kiɗa ne da busa da waƙa da ake yi wa sarki da manyan masu sarauta su kaɗai. Attajiri, kome dukiyarsa, ba a busa masa kakaki. Makaɗan kansu suna da sarautu da jerin girma, kuma galibi gadon gida ne, ɗa ya koya a gindin ubansa. Ban da ranakun sallah da naɗin sarauta, akwai tsohuwar al'ada da ake kira sara: a daren Juma'a, wato Alhamis da yamma, makaɗa da mabusa su taru a ƙofar fada su jaddada cewa sarki na nan kan gadonsa.

Da me ake yin sa?

Tambari ne babba. Ganga ce mai zurfi kamar akushi, mai baki ɗaya da aka rufe da fata, kuma ita ce alamar mulki; shi ya sa ake buga ta idan an naɗa sabon sarki. Sai kakaki, dogon bututun ƙarfe da ya fi tsawon mutum. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa shi a Kano. Akwai farai, ɗan'uwan kakaki da ake yi da itace, akwai kuma ƙaho.

Algaita ce ta fi ba ni mamaki. Ku lura da kumatun mai busa ta: yana tara iska a baki yana turawa, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, don haka sautin ba ya yankewa. Wannan aikin shekaru ne.

Me suke faɗa, tunda ba a jin kalma?

Ana ji, ga wanda ya sani. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kayan kiɗan kuwa suna bin wannan hawa da saukar har su fitar da jimla. Ita ake kira take. Kowane basarake da takensa, dattijon da ya saba kuwa daga nesa zai gaya muku wanda ke tafe. A gefe kuma maroƙi yana ɗaga murya yana jero kirari da sunayen kakanni.

Masu waƙar baka na fada sun fi amfani da kotso da taushi, ƙananan ganguna da ake kaɗawa da yatsu. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa da kotso, Salihu Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da taushi. Jagora ya kawo baiti, 'yan amshi su karɓa, su riƙa dawowa kan gindin waƙa, wato layin da ake maimaitawa.

A wasu ƙasashe ma an yi haka?

Ƙwarai. Tsakanin 1600 zuwa 1750, zamanin da Turawa ke kira Barok, sarakunan Turai suna ajiye makaɗa a gidajensu suna biyan su. Lully ya yi wa Sarkin Faransa Louis na 14 aiki. Bach, Bajamushe, ya shugabanci makaɗan fadar Yarima Leopold a garin Köthen daga 1717 zuwa 1723. Kafin ya je can, ubangidansa na Weimar ya tsare shi kusan wata guda saboda ya matsa sai an sallame shi. Wanda ya san yadda makaɗin fada ke ɗaure da ubangidansa a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba.

Turawan suna da wani kiɗa da suke kira kwancato, inda mai goge ɗaya ko 'yan kaɗan ke musayar kiɗa da sauran taron makaɗa. Kusan jagora da 'yan amshi ke nan, sai dai babu murya. A 1721 Bach ya aika wa wani basarake na Brandenburg guda shida irin wannan.

Babban bambanci shi ne su sun rubuta nasu da alamomi a takarda, har yau ana kaɗa shi yadda aka tsara. Namu a ka yake. Idan tsohon mabushi ya rasu bai koyar ba, taken da ya sani ya bi shi. Wani masani Ba'amurke, David Ames, ya zauna da makaɗan Zariya a shekarun 1960 ya naɗi sautinsu, sannan shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Wa ke ɗaukar nauyin makaɗan fadarmu?

Ubangida. A da, sarki kan ba makaɗinsa riga da rawani da doki, wani lokaci har gida da gona. Yau yawancinsu sai sun haɗa da noma ko wata sana'a, ga kuma kalmar maroƙi da ke sa wasu 'ya'yan gidan guje wa gadon. Wannan yana damuna, domin mai tsara take masani ne na harshe da tarihin gidajen sarauta.

Ku kuwa ba a karɓar ko kwabo a hannunku don ku saurara. Idan Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya fito hawan Daushe lokacin sallah, ku matsa kusa da mabusa, ku sami wani dattijon cikin birni ku tambaye shi abin da algaita ke cewa.