Tauraro Tsakanin 'Yancin Kai da Bin Jama'a a Ƙagaggun Labaran Italiya Uku

Maƙasudin wannan takarda shi ne kwatanta taurarin ƙagaggun labarai uku na ƙasar Italiya, don mu ga yadda kowannensu ya yi da nauyin da jama'a ke ɗora wa mutum.

A littafin Luigi Pirandello, Il fu Mattia Pascal (1904), wato Marigayi Mattia Pascal, tauraron ya gudu daga bashi da mitar suruka. Yana hanyar komawa gida sai ya karanta a jarida cewa an tsinci wata gawa, an ce tasa ce. Ya sake suna, ya tare a birnin Rum. To amma wanda hukuma ba ta san da zamansa ba, ba shi da damar aure, ko ƙarar wanda ya yi masa sata ba ya iya kaiwa. Da ya koma garinsu ya tarar matarsa ta auri abokinsa.

Marcello, tauraron Il conformista na Alberto Moravia (1951), kishiyar Mattia ne. Tun yana yaro ya harbi wani direba, ya ɗauka ya kashe shi, saboda haka ya ƙwallafa rai sai ya zama kamar kowa. Ya yi aure don haka, ya shiga aikin gwamnatin Mussolini don haka, har ya ba da hannu aka kashe tsohon malaminsa da ke gudun hijira a Faransa. Daga baya ya gamu da direban, ashe yana raye.

A ganinmu, Italo Calvino ya fi su zurfafawa a Il barone rampante (1957). Cosimo, ɗan shekara 12, ya ƙi cin katantanwar da mahaifinsa ya tilasta masa, ya haye bishiya a 1767, bai ƙara taka ƙasa ba. Abin lura shi ne bai yanke hulɗa da mutane ba, kamar yadda Mattia ya yi. Daga kan rassa yake sassabe wa manoma itatuwa, yana haɗa kan jama'a don kashe gobarar daji. Kada kuma mu manta, dokar da ya kafa wa kansa ta fi ta mahaifinsa tsanani: ko da mahaifiyarsa ke jinyar ajali, daga reshen da ke bakin taga ya riƙa miƙa mata abin da take bukata.