Muryoyin Gida Ɗaya a Waƙar Ɗanƙwairo

Waƙar fada ta ƙasar Zamfara aikin ƙungiya ce, kuma sau da yawa ƙungiyar 'yan gida ɗaya ce. Misali mafi shahara shi ne gidan Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Ya gaji kiɗan kotso daga mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, sannan ya yi shekaru yana yi wa yayansa Abdu Kurna amshi, yana riƙe da muƙamin daudun kiɗi, wato mataimakin shugaban ƙungiya. Da ya kafa tasa ƙungiyar, 'ya'yansa na cikin waɗanda suka tsaya masa a baya.

Wannan gadon shi ne sirrin abin da kunne ke ji a waƙoƙinsa, musamman wadda ya yi wa 'Yandoton Tsafe da waɗanda ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. A waƙar makaɗa da yawa, aikin 'yan amshi bai wuce maimaita gindin waƙa ba. Haka akasarin waƙoƙin Mamman Shata suke, nauyin duka yana kan jagora. A gidan Ɗanƙwairo kuwa, jagora kan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ƙari da nasu kalmomin. Wani ya ɗauka da siririyar murya, wani ya yi ƙasa da tasa, ga kuma kotso a rataye suna kaɗawa. Duk da haka ba a jin karo, ba a jin giɓi.

Irin wannan jituwa ba ta samuwa da gwajin wata ɗaya ko biyu. Waɗanda suka tashi a tsakar gida ɗaya karin harshensu ɗaya ne. Inda ɗaya zai ja wasali, nan ɗan'uwansa zai ja, inda zai shaƙi numfashi kuma an riga an sani. Zamfarcin da ke bakinsu ma yana taimakawa, domin sauti da kalma suna faɗuwa wuri guda. Ba Hausawa kaɗai suka san wannan ba: tagwayen mawaƙan nan Taiwo da Kehinde Lijadu, waɗanda aka haifa a Jos a 1948, da irin wannan jituwa suka yi suna a shekarun 1970.

A yau ana jin Ɗanƙwairo a wayoyi da motocin haya har cikin Abuja, amma yawancin masu sauraro kan bi kirari da zambo ne kawai. Mai son gane gwanintar sai ya bar jagora na ɗan lokaci, ya kasa kunne ga na baya, ya lura da daidai gaɓar da suke karɓe magana daga bakinsa, da yadda suke mayar masa da ita kafin kiɗa ya juya.