3.2 Koyar da Ilmin Gini ta Hanyar Aiki a Matakin Sakandare

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake koyar da ilmin gini ta hanyar aiki, wato a ɗora wa ɗalibai wani gini guda su bi shi tun daga zane a takarda har ya tsaya a ƙasa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin tun asali ɗan magini a gindin ubansa yake koyon kwaɓa ƙasa da yin tubali da jera azara. Daga irin wannan tarbiyya aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Abin da makaranta ta ƙara a kai shi ne zane da awo da lissafi.

A Nijeriya, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ce ta ba ilmin fasaha gurbi a sakandare, aka kuma fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982. A shekarar 1977 ɗin ne aka kafa Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, sannan a 1992 aka kafa hukumar NABTEB domin shirya jarrabawar kwalejojin fasaha. Saboda haka yaron da ya tashi a Kurmin Mashi, in ya gama ƙaramar sakandare, yana iya neman Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Malali, daga nan ya wuce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda aka kafa a 1968.

Idan aka ɗauki misalin ɗaki guda, ana iya kasa aikin gida huɗu. Da farko ɗalibai za su zana fasalin ɗakin bisa ma'auni, su nuna ƙofa da taga da kaurin bango. Na biyu, su fitar da awon a fili da igiya da turaku. A nan ake amfani da ƙa'idar 3-4-5: in gefe ɗaya ya kai mita 3, ɗayan mita 4, tsakanin ƙarshensu kuma mita 5, to kusurwar ta daidaita. Na uku shi ne haƙa harsashi da zuba kankare, wanda galibi ake haɗawa da kwanon siminti 1, na yashi 2, na tsakuwa 4. Na huɗu shi ne jera bulo mai inci 9 ko 6, da ɗora linta. Bugu da ƙari, ana koya musu shayar da kankare ruwa har kwana 7, domin sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.

Muhimmancin wannan hanya shi ne, kuskure ba ya ɓoyuwa. Ɗalibin da ya kuskure lissafi a allo maki kawai zai rasa, amma wanda ya kuskure awo a fili da idonsa zai ga bango ya karkace. Haka nan wanda ya rage siminti zai ga bulo na marmashewa a hannunsa. A unguwa mai cunkoso irin Kurmin Mashi, inda gida ke jingine da gida, bangon da ya faɗi da damina ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba.

Sai dai hanyar tana da tsada, domin tana bukatar siminti da kayan awo da malamin da shi kansa ya taɓa riƙe cokalin gini. Inda aka rasa waɗannan, darasin yakan koma hadda, ɗalibi ya fita da takardar shaida alhali birkilan da bai shiga aji ba ya fi shi sanin aiki. Sashe na gaba zai duba kalmomin da magina ke amfani da su a waɗannan matakai.